Filin Masu Mota: Matakalar katkat da ramukan da take bari

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, wajen ƙarshen watan Mayu, garajojin Maraɗi da Damagaram da Tawa sukan samu wani aiki wanda babban makanike ba ya ko tashi dominsa, sai dai a bar wa yara masu koyo. Alhaji ne zai shigo da katkat ɗinsa, ya nuna matakalar gefe, wadda masu garaji ke kira marshepiye, ya ce a cire masa ita kafin ya dawo daga sallar azahar, domin bara ta maƙale masa a wani kwari kan hanyar Dakwaro. Yaro ya kwanta ƙarƙashin mota da kile, wato sifana, ya kwance noti takwas ko goma, wanda ya ƙi kwantuwa a sare shi da injin yanka, a jefa matakalar bayan shago. Alhaji ya biya ladan aiki, ya tafi yana murna motarsa ta ƙara tsawo. Daga shi har yaron babu wanda ya sunkuya ya ƙirga ramukan da aka bari buɗe.

Bayan damina biyu ko uku sai a ga fenti ya fara kumbura a gindin ƙofa kamar ƙurajen zafi. In an ɗaga shimfiɗar ƙasan mota a tarar da laima da wari. Wata rana taya ta fashe tsakanin Ƙonni da Madawa, direba ya kafa jak inda ya saba kafawa, ƙarfen ya lotsa ciki kamar gwangwanin madara. A nan ne ake tuna maganar masu iya magana, cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cire matakala ko rage ta ba laifi ba ne, sau da yawa ma dabara ce mai kyau. Sai dai aikin yana da ƙa'ida guda wadda duk sauran ke rataye a kanta: a ƙarƙashin mota akwai ramin da ake toshewa, akwai kuma ramin da ake bari, wanda bai bambanta su ba kuwa gara ya bar matakalar inda ya same ta.

Abin da ke bayan matakala

Ƙarƙashin ƙofofin kowace mota, daga bayan tayar gaba zuwa gaban tayar baya, akwai wani dogon akwati na ƙarfe mai rami a ciki. Shi ne dokin ƙofa, wanda masu gyaran jikin mota, wato toliye, ke kira badikes. Falle biyu ne ko uku na ƙarfe aka haɗa da walda, bakinsu ya haɗu a ƙasa ya zama wani siririn leɓe mai bin tsawon motar. Wannan akwati yana riƙe ginshiƙan ƙofofi, yana cikin abin da ke tare bugu in wata mota ta daki gefe, kuma a ƙananan katkat a jikinsa ake kafa jak.

Katkat iri biyu ne ta wannan fuska. Akwai masu shasi daban, jiki daban, irin su Land Cruiser, wadda ake yi wa laƙabi da V8, da Prado, da Hilux, da Nissan Patrol. Akwai kuma waɗanda jikin nasu shi ne shasinsu, irin su RAV4 da ta fito a 1994, da Highlander, da Honda CR-V, da Hyundai Santa Fe. A kashi na biyu dokin ƙofa ƙashin bayan mota ne, in ya ruɓe motar ce ta ruɓe. A kashi na farko ɓarnar ba ta kai haka ba, amma a sani cewa matakalar da kamfani ya ɗaura, ko a manyan motocin, galibi a jikin motar take ɗaure, cikin notocin da aka manna daga ciki tun a masana'anta. Saboda haka kowane noti da aka zare ya bar ƙofa zuwa cikin wannan akwati, wani lokaci ma zuwa daɓen da fasinja ke ɗora ƙafa.

Kamfani yakan kare ƙarfen nan hawa hawa. Yawancin motocin zamani ana lulluɓe ƙarfensu da tutiya, sannan a tsoma jikin gaba ɗaya cikin tafkin fenti da ƙarfin lantarki, dabarar da ta yaɗu daga ƙarshen shekarun 1970, sannan a bi haɗe-haɗen da mastik, a ƙarshe a fesa wani irin kaki cikin ramuka. Fentin tsomawar kaurinsa wajen kashi 2 cikin 100 na milimita ne, na tutiyar bai kai haka ba, in an haɗa su biyu ba su kai kaurin silin gashi ba. Abin da ke tsakanin ƙarfen mota da ruwan damina ke nan, kuma shi ne injin yanka ke sharewa cikin ƙiftawar ido.

Tsatsa a ƙasar fari

Mutane da yawa sun yarda cewa mota ba ta tsatsa a Nijar, kuma suna da hujja. Tsatsa tana bukatar ƙarfe da iska da ruwa, ba ta kuma yin ƙarfi sai laimar iska ta haura wajen kashi 60 cikin 100. Daga hunturu zuwa bazara laimar ƙasar nan tana ƙasa da haka nesa, shi ya sa tsohuwar Peugeot 504 ke shekara da shekaru a rana jikinta na nan. Amma wannan hukuncin wurin da iska ke kaiwa ne. Cikin akwatin da laka ta cika babu hunturu babu bazara. Ruwan da Maraɗi ke samu, wajen milimita 500 a shekara, yana zuba ne cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a markar Agusta, kuma lakar da ta shiga rami a Agusta tana iya riƙe laima har a gama girbin hatsi.

Ga kuma abin da ke cikin lakar. Mai zuwa ƙasar Manga ko Dallol Foga, inda ake haƙar kanwa da gishiri, ko mai bin hanyar Ingal zuwa Tegidda, yana kwaso ƙasa mai gishiri, gishiri kuwa yana jawo laima kuma yana ƙara wa tsatsa sauri. Haka motocin da ake kira ƴan Kwatano: da yawansu sun yi rayuwarsu ta farko a Beljik, Jamus, Suwis, Kanada ko arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a hanya lokacin ƙanƙara. Irin wannan mota takan iso da ciwonta a ɓoye bayan matakala, damina sai ta tashe shi. Tsatsa kuma tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta cinye, ninki biyu zuwa sama, don haka in ta kama tsakanin falle biyu sai ta buɗa su, ruwa ya ƙara samun hanya.

Daminar 2024 ta nuna irin ruwan da mota ke iya shiga. A wannan shekara ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a faɗin ƙasa, ta yanke manyan hanyoyin fita daga Yamai a watan Agusta, ta yi ɓarna a birnin Maraɗi, har tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe a farkon Satumba. Dubban motoci sun ratsa ruwa a lokacin. Kamfanin Toyota ya ƙayyade wa Land Cruiser 200 da 300 da Prado 150 ratsa ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 70 ba, dokin ƙofa kuwa yana ƙasa da wannan. Ma'ana, duk motar da ta ƙetare radiye, gadar simintin nan da ruwa ke bi ta kanta, lokacin da gulbi ya kawo, ruwa ya shiga akwatinta. Masu ƙera ta sun san haka. Ba su yi akwatin don ya hana ruwa shiga ƙwata-ƙwata ba, sun yi shi don ruwan da ya shiga ya fita.

A cire, a rage, ko a bari

Kafin a taɓa noti, mai mota ya tambayi kansa inda motar ke zuwa da wanda take ɗauka. Wanda ke bin kasuwannin ƙauye, ko duwatsun Adar tsakanin Keita da Buza, ko rairayin arewacin Tanut, yana da dalili. Matakala tana rataye ƙasa da dokin ƙofa, ita ce ke fara taɓa dutse ko gefen kwazazzabo, in ta taɓa kuma sai ta zama kamar sandar ɗaga kaya: nauyin motar ya danne ta, ita kuma ta murɗe ƙarfen da take ɗaure a jikinsa, fenti ya tsage, notin ciki ya ɓalle. Tana kuma tara laka tsakaninta da jikin mota, inda mai wanki ba ya kaiwa. Ga irin wannan mota, cirewa rigakafi ce.

Amma motar gida da ba ta barin kwalta sai ranar biki lissafinta daban ne. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, da mace mai ciki, da yara ƴan makaranta, da dattijo cikin babbar riga, duk matakalar ce ke shigar da su mota da mutunci. Tana tare tsakuwar da tayar gaba ke watsawa, tana kuma karɓar gogar kabu-kabu da amalanke a cunkoson babbar kasuwa kafin ta kai ga ƙofa. Wanda zai cire ta don kawai ya ga wani ya cire, ya tuna cewa garin neman gira akan rasa ido.

Tsakanin biyun akwai ragewa. Wasu motoci, musamman Lexus GX 470 da GX 460, ƴan uwan Prado, robar matakalarsu haɗe take da robar da ta rufe dokin ƙofa. In an cire duka, gefen motar ya tsiraita, ramukan maɓallan roba su bayyana a jere. Shi ya sa masu irin waɗannan motoci kan cire ƙafafun ƙarfen da faifan takawa, su yanke robar da ta fito waje, su bar wadda ta rufe jiki.

Akwai abin da ya kamata a duba kafin a yanke shawara a manyan motoci. A Lexus LX 470 da LX 570, da wasu Land Cruiser masu tashi da sauka da ƙarfin mai, tulunan wannan na'ura suna jikin shasi, daidai bayan matakala. A wasu Prado 150 da GX masu na'urar KDSS, tiyoyinta na bin shasi ta gefen hagu. In matakala ta tafi, waɗannan sun rage kariya daga dutse, kuma gyaransu ya fi kuɗin matakala nesa. Mai shiga daji da irin wannan mota ya fi masa ya maye gurbin matakalar da bututun ƙarfe mai kauri wanda ake ɗaurewa a shasi da noti, cikin ramukan da ke akwai, ba tare da walda ko sabuwar huda ba.

Yadda ake kwancewa

Aikin yana farawa daga wurin wanki. A wanke ƙarƙashin motar da ruwa mai ƙarfi, a bar ta ta bushe yini guda. Da dare a fesa wa notocin man sassauta tsatsa, da safe a kwance. Motocin Japan galibi kile mai lamba 12 ne ke kama su, na Turai mai lamba 13. Notin da ya yi gardama a riƙa juya shi gaba da baya ana ƙara mai. In an matsa masa da ƙarfi, ko dai ya karye a ciki, ko kuma uwar notin da aka manna cikin akwati ta ɓalle ta riƙa juyawa, wadda ba a kaiwa gare ta sai an yanka ƙarfe. A nan ake samun saɓani da mai gaggawa.

"Alhaji, a yi haƙuri a bar ta ta kwana."

"Haba Malam, noti goma ne zai ci kwana?"

Amsar ita ce notin ba ya cin kwana, fentin da mastik ɗin da za su biyo baya su ne ke ci. Mai garajin da ya nemi a bar mota ta kwana a kan wannan aiki ya san abin da yake yi.

Idan matakalar mai fitila ce, ko irin wadda ke fitowa da kanta in an buɗe ƙofa, kamar ta wasu Range Rover da Cadillac Escalade, a fara cire kan batir. A zare wayar daga mahaɗinta, kada a datse ta da almakashi. A shafa wa bakin mahaɗin giris ɗin lantarki, a rufe shi, a ɗaure shi sama inda ruwa ba ya kaiwa. Wayar da aka datse aka bari tana zuƙar ruwa tsakanin silinta kamar lagwani, ta kai shi can cikin damin wayoyi, bayan wata shida a rasa dalilin da ya sa batir ke mutuwa.

Bayan matakala ta sauka, a sake wanke wurin, a bushe, a duba shi da fitila. A riƙa ƙwanƙwasa ƙarfen da gindin sukurdireba: mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe yana amsawa kamar kwali. Inda sukurdireba ya huda, maganar fenti ta ƙare, sai toliye ya yanke ya sa sabon falle.

Ramin toshewa da ramin bari

Ramukan da ake toshewa su ne waɗanda matakala ta bari. Ko da yake ruwa na shiga akwatin in an ratsa gulbi, ramin noti yana kawo abin da ya fi ruwa sharri, wato laka da yashin da taya ke harbawa kullum, waɗanda ke taruwa a ƙasan akwati su toshe mafitar ruwa. Zaren da ke cikin ramin kuma ƙarfe ne tsirara. Maganinsa mafi sauƙi shi ne a mayar da notin da aka zare cikin raminsa, bayan an shafa masa giris, da zoben roba ƙarƙashin kansa, a ɗaure daidai ba tare da matsawa ba. Notin ya toshe ramin, ya kare zaren, kuma ranar da aka so mayar da matakala yana nan. Ramin da ba shi da zare, irin na maɓallan roba, a sa masa toshiyar roba daidai bakinsa, a zagaye ta da ɗan mastik. Wanda ya ratsa zuwa daɓen mota shi ya fi bukatar kulawa, domin ƙarƙashin shimfiɗa da kujeru akwai wayoyi da akwatunan lantarki, a wasu motoci har da na jakar iska mai kare fasinja.

Ramukan da ake bari su ne na kamfani, waɗanda ke can ƙasan ƙasa. Ana gane su da wurinsu da siffarsu: ƴan tsage ne ko ƴan kumburi a jikin leɓen nan na ƙasa, inda falle biyu suka ɗan rabu da gangan, ko ƙananan huda a gindin ƙofofi. Ta nan ruwa ke zuba, ta nan iska ke shiga ta busar da ciki. A wasu motoci masu tagar rufi, kamar Land Cruiser 80 da aka yi daga 1990 zuwa 1997, tiyon da ke kwashe ruwan rufi yana saukowa ta ginshiƙin gaba ya zuba cikin wannan akwati. Wanda ya bi leɓen nan da mastik daga gaba zuwa baya, da niyyar kyautatawa, ya mayar da dokin ƙofa randa. Ruwan zai taru, ya yi ta kaɗawa in an taka birki, ya cika ya malalo cikin mota. Waɗannan ramuka tsinke ake sa musu, ko siririyar roba, a zaƙulo ƙasar da ta toshe su, kafin damina da bayanta.

Gwajin ba shi da wuya. A zuba buta guda ta ruwa a kwararon tagar rufi, ko a fesa gefen motar da tiyo na minti biyar, sannan a sunkuya. In ruwa na ɗiga ta leɓen ƙasa, aiki ya yi. A ɗaga shimfiɗa a shafa da hannu. In an ji laima, akwai ramin da aka manta.

In yanka ya zama dole

Roba ba ta tsatsa, haɗarin yankanta shi ne ƙarfen da ke bayanta. Don haka a sauke ta daga mota tukuna, a ja layi da tef, a yanka da zarto mai ƙananan haƙora, a goge bakin da magagari da samfefa, a sa masa robar baki. Kada a bar bakin yankan yana kallon tayar gaba kamar cokali, zai riƙa kwasar laka. A kuma bar ƴar mafita a wurin da ya fi gangara. A motoci da yawa robar tare laka ta bayan tayar gaba tana ɗaure ne da matakala, to in ta tafi tare da ita a nemo wata a sa, in ba haka ba tsakuwar hanyar jar ƙasa za ta feƙe fentin gindin ƙofa cikin rani guda.

Yankan ƙarfe ya fi nauyi. Injin yanka yana ɗumama bakin ƙarfe har ya ƙone kariyarsa, domin tutiya tana narkewa a wajen digiri 420. Tartsatsinsa kuma ƙananan ƙarafa ne masu zafi, suna nutsewa cikin fenti da gilashi, da ruwan farko sai ƙofar ta fito da jajayen ɗigo. Zarton hannu ya fi jinkiri, ya kuma fi lafiya. Walda ta fi duka ɓarna a wannan wuri, saboda tana ƙone fentin da ke cikin akwati inda burushi ba ya kaiwa, ga tiyon birki da na mai suna bin ƙarƙashin mota kusa da nan. In ba makawa sai an yi ta, a cire batir, a kare tiyoyin da falle, a yi a sarari, domin hayaƙin tutiya yana sa wa mai walda zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Duk ƙarfen da aka tsiraita a rufe shi ranar nan. A goge har ya yi fari, a share maiƙo da tina, inda tsatsa ta yi ƴan ramuka a shafa ruwan kashe tsatsa wanda ke mayar da ita baƙa, sannan fentin ƙasa mai tutiya ko na epoksi shafi biyu, sannan mastik a haɗe-haɗe, sannan fentin sama, sannan baƙin fentin nan mai kauri da ke tare tsakuwa. Kafin a toshe ramukan noti, a yi amfani da su a fesa kakin cikin ramuka da siririn tiyo, a bar rarar ta ɗiga ta mafitar ƙasa, a tabbatar ba ta toshe ta ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da ƙarfe ya bushe ciki da waje, amma da safe, cikin inuwa, nesa da ƙura.

Magungunan da ke ƙara ciwo

Abubuwa uku sun zama ruwan dare a garajoji, kowane kuwa yana da illa. Na farko silikon ɗin masu gilashi da masu famfo. Irin wanda ke warin tsami in an matsa shi yana fitar da asid yayin da yake bushewa, asid ɗin na cin ƙarfe da tutiya, fenti kuma ba ya kama shi. Mastik ɗin mota na poliyuretan, irin su Sikaflex, shi aka yi don wannan aiki. Na biyu baƙin mai, wanda ake tsiyayewa daga inji. Yana hana tsatsa na ɗan lokaci, amma yana kumbura roba, yana kama yashi, ruwa na wanke shi ya gangara cikin ƙasa kusa da rijiyoyi. Na uku shafa kwalta ko baƙin fenti mai kauri kan tsatsar da ba a goge ba. Wurin yakan yi kyau a ido, alhali kuwa an rufe laima a ciki tana aikinta ba mai gani. A ƙara da wannan: inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe cikin laima, ɗaya yana cin ɗaya, saboda haka wanda zai mayar da matakalar alminiyam ya raba ta da ƙarfe da zoben roba ko shafin giris.

Ga mai saye, ga mai riƙon amana

Ɗan kasuwa ya san mota jari ce. Katkat ɗin da aka saya yau, gobe za a kai ta kasuwar motoci, mai saye kuwa, daga Yamai ya zo ko daga Katsina da Kano, in ya san aikinsa ƙarƙashi zai fara dubawa. Don haka a ɗaure matakalar da aka cire tare da ƙafafunta, a ajiye a gida, domin da yawan masu saye sun fi son mota yadda kamfani ya yi ta. Shi ma mai saye ya ɗauki darasi: sabuwar matakala mai ƙyalli a jikin tsohuwar mota, ko ɗanyen baƙin fenti a gindin ƙofa, dalili ne na a kwanta ƙasa da fitila a leƙa bayansu kafin a ƙirga kuɗi.

Ma'aikacin da aka damƙa wa motar ofis ko ta wani aikin raya karkara nauyinsa ya fi haka, domin dukiyar jama'a ce a hannunsa. In aikin daji ya sa dole a cire matakala, a nemi izini a rubuce, a shigar da abin da aka cire cikin lissafin kaya, a kuma sa toshe ramuka da fenti cikin takardar aikin, don kada a biya kuɗin kwancewa kaɗai. Wanda ya sa hannu aka cire, wataƙila an yi masa canjin wurin aiki kafin tsatsa ta fito, amma motar tana nan, kuma ita za ta ɗauki allurar rigakafi ko malaman makaranta zuwa ƙauye cikin marka.

Kuɗin toshiyar roba da giris da gwangwanin fenti bai kai na cika tanki sau ɗaya ba, sauya dokin ƙofa kuwa aikin kwanaki ne a hannun toliye, kuma ba ya komawa kamar na kamfani. Saboda haka mai mota, kafin ya karɓi makulli, ya sunkuya da kansa ya ce a nuna masa ramukan da aka toshe da waɗanda aka bari. In mai garaji ya kasa bambanta su, a mayar da matakalar yadda take, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.